Lemun Tsamin Bayan Ɗakin Tasalla

Ɗanasabe ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi har ya yi wayo, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake ba da labarinsa. In da hannu yana ruɓewa a yanke a yar, da tuni na yar da shi a bolar kasuwar Bakori. Ba a yi, shi ya sa tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifinmu, katanga ɗaya ce tsakanin sashena da nasa. Ina jin tarinsa, yana jin nawa.

Allah ya ba shi abu ɗaya, ba zan tauye masa ba: hanci. Yana yaro in Inna ta ɓoye ƙuli-ƙuli a tulu ta rufe da faifai, sai ya shigo ya tsaya tsakar ɗaki, ya ɗaga kai kamar akuyar da ta ji dusa, ya nufi tulun kai tsaye. Da ya girma sai hancin ya koma kan itatuwa. Ya san furen darbejiya ba ya sakin ƙamshinsa sosai sai rana ta yi sanyi. Ya san dogayen itatuwan turare da aka jera a bakin makarantar firamare shiru suke da safe, sai rana ta take ta dake su sannan a jiyo su tun daga masallaci. Ya san hano ba ya cewa komai sai an ji masa rauni a ɓawo. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk mai hanci a ƙauyenmu ya sani. Bambancin kawai, sauran mutane in sun ji sai su ce da daɗi, su wuce gona. Shi kuwa sai ya tsaya a gindin bishiyar da fartanya a kafaɗa, yana jiran wanda zai yi wa bayani.

Ya taɓa yin dako a wajen gurzar auduga a Funtua, ya bari, wai ƙurar auduga tana dushe masa hanci. Ya sayar da maganin feshi, ya bari, wai warin yana ɓata masa baiwa. Ni daddawa nake yi, kuma ba ranar da zan buɗe ta bai ɗago murya ta kan katanga ya ce na cuci unguwa ba. Amma ban taɓa ganin ya mayar da miyar kuka don an sa mata daddawar ba. Masarar da ake ci a sashensa, in za a faɗi gaskiya, ƙarfin 'ya'yansa maza ne kafin su gudu Funtua su kama tuƙin keke mai ƙafa uku, da kuma dabarar matarsa Tasalla.

Tasalla 'yar Malumfashi ce, mace mai ƙarancin magana, irin wadda za ki wuni da ita ki ƙirga kalmominta a yatsu. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Zakiyya. A bayan ɗakinta aka yi mata wankan jego, ni da kaina nake tafasa ruwan, ina tsoma ganye ina fyaɗa mata. A daidai inda ruwan yake gangarewa, kusa da inda aka binne mabiyiyar, wani ƙwallon lemun tsami da aka yar ya tsiro. Tasalla ta kewaye shi da ƙaya don kaji. Yarinya tana girma, tsiro yana girma, har uwar takan tsinki ganye ɗaya ko biyu ta murza a ruwan wankan yarinyar.

Ba a daɗe da yaye Zakiyya ba ƙyanda ta shigo gari, ta tafi da ita.

Ɗiyar fari ce, kun san yadda ake. Tasalla ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, in an ce yarinyar ta yi kyau sai ta kawar da kai. Da yarinyar ta mutu ma haka ta zauna a gaban surukai idonta a bushe, mata suna ta yabon karar da ta yi. Abin da kara ta hana ta yi a tsakar gida, bayan ɗaki ta kai shi. Kullum bayan la'asar sai ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta zagaya, ta zuba a gindin lemun, ta watsa sauran a ganye. Ganyen da ya wuni a rana, da ruwa ya taɓa shi sai wani ƙamshi ya taso a hankali. Ta tsinki ɗaya ta murza, ta kai hanci, ta ɗan tsaya. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar, ba ta ma kalle ni ba.

"Yaya Mero, haka kanta yake yi in na gama yi mata wanka."

Shekara ashirin da wani abu tana wannan. Bishiyar ta girma har ta leƙo sashena. Gida na Ɗanasabe ne, gona tasa ce, 'ya'ya maza sunansa suke amsawa. Wannan lemun tsamin shi ne abin da Tasalla ta mallaka a duniya, kuma kowa a gidan ya sani, har shi.

Masifar ta fara ne a teburin mai shayi, ranar kasuwar Bakori. Wani malamin gona ya zauna shan shayi, Ɗanasabe ya tare shi da zancen ƙamshin itatuwa. Mutumin kirki ne, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce itace yana fitar da wani abu kamar numfashi, ido ba ya ganinsa, hanci ne kawai ke kama shi. Ya ce zafi yana ƙara shi, hasken rana yana ƙara shi, kuma in tsutsa ta ci ganye ko aka sari reshe sai ya ƙaru, don da shi itacen yake korar ƙwari. Ya ce a wasu itatuwan ɗan ƙishi ma yakan tayar da shi. Daidai nan ƙanena ya miƙe, ya bar rabin shayinsa, ya kama hanyar gida yana magana shi kaɗai. Mai shayin ne daga baya ya gaya mini ragowar: malamin ya ƙara da cewa in wahalar ta yi yawa itacen rufe kansa yake yi, ya daina bayarwa, ƙarshe ya bushe. Wannan ɓangaren benci aka gaya wa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ya ɗaure ƙanena tamau.

Ya shigo gida da karatu guda ɗaya, wanda har yau in ya buɗe baki shi ne yake fara fitowa: "Itace in ya ƙoshi ba ya ƙamshi. Sai ya ji wuya."

Shingen hano da mahaifinmu ya dasa ya kewaye gonar gado, shi ya fara jin wuyar. Masu turaren wuta sukan ɗan tsaga ɓawon da rani su dawo su kankare ƙaron da ya fito, tsaga ɗaya ko biyu, su bar itacen ya warke. Ɗanasabe ya bi shingen da adda tun daga wannan kusurwa har waccan, ya zane kowane itace kamar fuskar mutanen da. Shekarar farko ƙaro ya zubo, matan da ke haɗa turaren wuta suka yi ta aike, shi kuma ya sayi sabuwar hula. Shekara ta biyu ya ƙara zurfin saran. Ta uku shingen ya zama itacen girki a tsaye, shanun maƙwabta suka shiga suka yi walima da masarar da ta fara goyo. Na ce masa ka kashe shingen Baba. Ya ce gara ce ta ci shi.

Daga nan ya ce ƙaro aikin mata ne, shi ƙamshin da ke tashi sama yake so ya kama ya ɗura a kwalba, a sayar a Funtua kamar turaren Makka. Ya samo tsohuwar tukunya, ya huda murfin, ya sa tiyo, ya bi da tiyon ta cikin tulun ruwan sanyi. Ya cika tukunyar da ganyen turare da ya tsinko a makaranta kafin hedimasta ya kore shi. Hayaƙi ya yi ta tashi a sashensa har mai unguwa ya aiko dattawa su duba ko giya ake dafawa a gidan mahaifinmu Malam Jibril, Allah ya jiƙansa. Kunyar da na ji ran nan ba ta faɗuwa. Abin da ya ɗiga daga tiyon wani ruwa ne mai gurɓi, rabin warinsa ganye, rabi roba. Ya ce laifin ganyen ne, itatuwan makaranta sun cika jin daɗi.

Da karatun ya tsaya a kan itatuwa da sauƙi. Yaransa ya riƙa tura su gona ba kari, wai yaro in ya ƙoshi ba ya hankali. Saniyar noma ya rage mata harawa, wai ta fi ja in tana jin yunwa. Shi kuwa malamin da ke koyar da wannan ilimi, ban taɓa ganin ya gwada shi a kansa ba. Tuwonsa malmala uku ne, furarsa da nono, kuma in ya dawo daga yawon shinshine-shinshinensa, tun daga zaure yake gyaran murya don Tasalla ta taso ta tare shi da ruwan randa. Ta durƙusa ta miƙa, ya shanye, ya miƙa mata kofin ba tare da ya dube ta ba. Haka suke tun tana amarya.

Ina zaune ina tsince kalwa wata la'asar na ji su ta kan katanga.

"Wannan lemun naki, kin lalata shi da ruwa. Da za ki bar mini shi wata ɗaya, da kin ji abin da ake kira ƙamshi."

"Malam, wanda yake yi ya ishe ni."

"Ai ba ki san abin da ke cikinsa ba. Yana da shi, ɓoyewa yake yi. Ni na san yadda ake sa shi ya fito da shi."

"Don Allah, Malam, ka bar mini wannan. Duk itacen garin nan naka ne."

Ban taɓa jin ta roƙe shi wani abu ba sai ran nan. Ya yi dariya ya ce mata ba su san ilimi ba. Na ajiye kalwar na zagaya na same shi a zaure, na ce Ɗanasabe, ka san abin da ke gindin bishiyar nan. Ya ce, "Yaya, ƙasa ce a gindinta, sai jijiya." Na dube shi na rasa ta inda muka haɗa uwa.

Farkon bazarar bara aka bugo waya daga Malumfashi, mahaifiyar Tasalla ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, an kwantar da ita a asibiti. Tasalla ita ce mace ɗaya a ɗakinsu, jinya tata ce. Kafin ta hau mashin ta shigo sashena da ƙwaryarta a hannu, ta ajiye mini ita a kan turmi. Na san ban ruwan lemun ta bar mini.

Washegari da la'asar na ɗebi ruwa na zagaya, na tarar an kafe lungun bayan ɗakin da langa-langa, an sa kwaɗo. Na buga, na yi kira, na tuna masa da wanda ya goya shi. Ya ce bincike yake yi, ba a shiga. Na koma sashena na taka turmi na riƙa watsa ruwa ta kan katanga, da tsufana da ciwon gwiwata. Da ya gane sai ya shimfiɗa buhunan taki da leda a gindin, ya yi musu gangare, ruwan ya riƙa bin rariya yana fita waje. Na kai ƙara wajen mai unguwa, ya ce Mero, mutum da bishiyar gidansa, me zan ce masa? Na buga wa Tasalla waya na gaya mata komai. Ina jiyo hayaniyar asibiti a bayanta, ta ce Innarta ko cokali ba ta iya riƙewa. Ta kira shi ta roƙe shi, ina jinsa ta katanga yana ce mata ta kwantar da hankalinta, yana kula da bishiyar fiye da yadda take yi.

Daga kan turmin na ga irin kulawar. Ya tone ƙasar gindin har jijiyoyi suka fito rana. Ya bi ganyen da tsinke yana hudawa, wai yana kwaikwayon tsutsa. Ya ɗaure rassan cikin manyan ledoji don ƙamshin ya taru kada ya gudu, rana ta bazara tana dafa ganyen a ciki. Da ya ga bai isa ba, ya ɗauki wuƙa ya zagaye gangar jikin, ya ɗaye ɓawon ya yi mata zobe.

To, ga abin da ya fi ƙona mini rai: ta yi ƙamshin. Kwanakin nan in rana ta take, lungunmu duka lemun tsami yake yi, har ya danne daddawata. Masu wucewa suna tsayawa suna tambaya. Ɗanasabe ya sa hularsa ta kuɗin ƙaro, ya buɗe kwaɗon da ya hana ni, ya riƙa shigo da maza biyu-biyu suna kallo, yana nuna musu da sanda. "Kun ji ko? Shekara ashirin ana shagwaɓa ta ba ta yi haka ba." Suna gyaɗa kai suna cewa lallai Malam Ɗanasabe ilimi ya zauna. Ni kuwa ina sashena na toshe hanci da gefen mayafi, don na san ƙamshin nan, na san kan wa yake fitowa, kuma ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba. Kuka na yi, ba na ɓoyewa.

Sai ya fara raguwa. Ganyen da ke cikin ledojin ya yi baƙi, na waje ya nannaɗe ya zube. Ya ce hutawa take yi. Da ruwan farko ya sauka, duk itacen garin ya amsa, darbejiya da ɗorawa da mangwaron masallaci, ƙasa ta tashi da ƙamshinta. Lemun Tasalla bai amsa ba. Ya tsaya da ƙayoyinsa da guntayen leda suna kaɗawa a iska.

Tsohuwar ta rasu bayan an fara shuka. Tasalla ta zauna aka share makoki, sannan ta dawo, ta rame, da ƙullin kayanta a kai. Muka yi mata gaisuwa a tsakar gida. Ta amsa kowa, ta sha ruwa, sannan ta tashi ta zagaya bayan ɗaki. Na bi ta. Ta daɗe a tsaye. Ta kai hannu ta karya wani ɗan reshe, ya karye ƙas, ta kai hanci, ta sauke.

Nan ƙanena ya iso, yana murmushi, da wata 'yar kwalbar maganin tari a hannu. Ruwan da ya tatsa daga ledojin ya dafa a tukunyarsa ne a ciki, bai kai rabi ba.

"Kada ki damu da itacen," in ji shi. "Ga shi nan duka na tara miki. Yanzu ba sai kin wahala da ɗibar ruwa ba."

Ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda take karɓar komai daga gare shi. Ta buɗe ta shinshina. Daga inda nake tsaye na jiyo shi, ruɓaɓɓen ganye ne da leda. Ta rufe, ta miƙa masa, ta ce, "An gode, Malam." Ya tafi yana gaya wa mutanen zaure cewa ta yaba.

Na zaci za ta yi yaji. Ni da kaina na shirya raka ta tasha. Ba ta je ko'ina ba. Washegari ta share gida, ta yi tuwo malmala uku, ta wanke masa kaya. Da la'asar ya dawo daga yawonsa, ya yi gyaran murya tun daga zaure. Tasalla ta tashi, ta buɗe randa, ta cika kofi. Ya zauna a tabarma ya miƙo hannu. Ta wuce ta gabansa, ta zagaya bayan ɗaki, ta juye ruwan a gindin busasshen itacen, ta dawo ta kife kofin a kan randa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi. Randa tana nan cike, ba wanda ya hana shi ɗiba. Amma mutumin da tun yana ango bai taɓa sunkuya wa randa ba, sai ga shi yana laluben kofi da kansa, yana waige ko wani ya gani. Wanzami ba ya son jarfa. Bai yi sati ba ya zagayo sashena, ya tsuguna kusa da tukunyar daddawar da yake zagi, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ki yi mata magana. Mutum ya dawo daga rana maƙogwaro a bushe, a wuce shi a ba kututture? Wannan ai zalunci ne."

Na ce to, zan tambaye ta, don ni ma ina so in ji. Na same ta tana tsefe kai a ƙofar ɗaki. Na ce Tasalla, maigidanki ya kawo ƙara, ya ce kin bar shi da ƙishi. Har yaushe?

Ba ta ɗago ba. Ta zare gashin da ya maƙale a matsefi ta dunƙule shi.

"Tau, Yaya Mero, ai shi ya koya mana. Ya ce in an ƙoshi ba a ƙamshi, sai an ji wuya. Ina jira ne in ji nashi."

Bazara ta sake zagayowa, darbejiya ta sake fure. Kullum bayan la'asar ina jin ƙarar ruwa a bayan katanga, ina jin gyaran muryar da ba a amsawa. Ni ce na fi kowa kusa da shi a duniya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma hancina lafiya lau yake. Har yau ban ji komai ba.